Mun kawo Baba birni ya huta, hutun yana neman kwantar da shi

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan. Mahaifinmu shekararsa 74, manomi ne tun tasowarsa. Bara bayan an gama girbi muka haɗu mu 'ya'yansa muka ce wahalar ta isa haka, ya zo ya zauna mu ma mu yi masa. Muka ɗauko shi daga ƙauye muka kawo shi Kano, ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki, gonar kuma aka bayar aro. Ko buta ba ma bari ya ɗauka, jikoki rububin kai masa ruwan alwala suke. Wata takwas ke nan. Mutumin da ke taka ƙafa zuwa gona, tafiyar kusan awa guda, ya wuni a sunkuye ya dawo, yanzu in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Cinyoyi sun zube, tumbi ya fito, barci ya ƙi, abincin ma tsakura yake. Mun kai shi asibiti an auna komai, an ce ba wani abin tashin hankali sai ɗan hawan jini, an ba shi magani. Shi kuma kullum maganarsa ɗaya, a mayar da shi gida kafin ruwa ya sauka. Babbar yayarmu ta ce ba da ita za a yi wannan abin kunya ba, tsoho mai 'ya'ya bakwai a gan shi da fartanya. Ni kuwa na fara zargin mu ne muka kwantar da shi. Me kuka gani?

Maman Zara: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Haka muka yi da kakarmu, muka ƙwace mata taɓarya da tsintsiya da sunan tausayi. Shekara ba ta zagayo ba sai da sanda. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ɗan Dawanau: Ku yi haƙuri, ni ban yarda ba. Mahaifina dako ya yi a kasuwar hatsi fiye da shekara talatin, buhun masara a wuya tun safe har la'asar. In wahala tana ƙara kwana, da yanzu yana nan yana wasa da jikokinsa. Yana da 56 ya rasu, bayansa a karye, gwiwa a kumbure, zuciya ta gaji. Masu cewa aiki magani ne yawanci ba su taɓa sauke tirela ba. Tsufa ne kawai ya zo wa Baba. Ku bar shi ya huta, yayarku ta fi ku gaskiya.

Anti Fisiyo: Allah ya jiƙan mahaifinka ɗan'uwa, zan dawo kan maganarka domin ba ta zubarwa ba ce. Amma Baban Hanif, tsufa ba ya sauka a wata takwas kamar ruwan ƙanƙara. Abin da ka zayyana mu a wajen aiki kullum muna ganinsa. A 1966 a garin Dalas na Amurka an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, lafiyarsu ƙalau, ba a yi musu komai ba sai hana su tashi. Da aka auna ƙarfin da zuciya da huhunsu ke da shi na kai iska ga tsoka, sai aka tarar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutum biyar ɗin nan, lokacin suna da 50, aka sake aunawa. Ashe mako ukun nan na kwanciya ya fi shekara talatin ɗin yi musu ɓarna. Samari ke nan fa, masu jini a jika. To ina ga mai 74 da aka sauke masa komai rana ɗaya?

Jiki ba ya ciyar da abin da ba a mora. Tsoka tana cin abinci ko kana zaune, don haka in ya ga ba a aiki da ita sai ya fara rage ta. Ƙashi ma haka yake. 'Yan sama jannati da ke zama inda ba nauyi suna asarar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin ƙashin ƙugu a duk wata. Kun mayar da Baba ɗan sama jannati a ɗakin tayil.

Baban Hanif: Innalillahi. Anti kin sa jikina ya yi sanyi.

Malamin Bayoloji: Bari in ɗora a kan ta Anti da misalin da duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane. Ɗan birni in ya je hutu ƙauye aka ba shi kunya goma ya nome rana ɗaya, da yamma hannunsa duk bororo, gobe ko cokali ba zai riƙe ba. Amma in kunya ɗaya aka ba shi yau, ya huta, jibi biyu, kafin wata guda hannun ya yi kanta. Fartanyar ɗaya ce, hannun ɗaya ne. Abin da ya raba kanta da bororo shi ne yawan gugar da kuma lokacin da aka ba fata ta gyara kanta.

Masana suna kiran wannan homisis, kalmar ta shigo a 1943, amma tun wajejen 1888 wani Bajamushe, Hugo Schulz, ya lura cewa guba 'yar kaɗan tana ƙara wa yis kuzari, mai yawa kuma ta kashe shi. In ka yi tafiya da sauri ko ka ɗaga abu mai nauyi, zaren tsoka yana ɗan tsattsagewa, ƙwayoyin halitta suna fitar da wani datti mai kama da tartsatsin maƙera. Wannan tartsatsin shi ne ƙararrawar da ke tashin masu gyara. Kuma jiki in ya tashi gyara ba ya tsayawa daidai inda aka ɓata, sai ya ɗan ƙara, don kada gobe a same shi ba shiri. Wannan ɗan ƙarin shi ne ribar.

Har gwadawa an yi. A 2009 Michael Ristow da abokan aikinsa a Jamus sun sa samari kusan 40 motsa jiki na mako huɗu. Wasu aka riƙa ba su bitamin C da E masu yawa, irin waɗanda ke kashe tartsatsin nan, wasu ba a ba su ba. Waɗanda ba su sha ba jikinsu ya ƙara iya sarrafa suga. Waɗanda suka sha, ribar ba ta zo ba. An kashe ƙararrawa, masu gyara suka ci gaba da barci.

Ɗan Dawanau: Malam, duk na ji. To mahaifina fa? Shi ƙararrawarsa ba ta taɓa yin shiru ba, ina masu gyaran suka shiga?

Malamin Bayoloji: Ai ka faɗi amsar da bakinka. Ba ta taɓa yin shiru ba. Magina ba sa yaɓe ana tsaka da ruwa.

Anti Fisiyo: Nan nake son dawowa. Ɗan Dawanau, abin da ka gani a gidanku bincike ma ya gan shi. A Danmak an bi mutum sama da 104,000 na kimanin shekara goma, aka fitar da sakamako a 2021. Masu motsa jiki a lokacin hutunsu, haɗarin ciwon zuciya da mutuwa ya ragu a wajensu. Masu aikin ƙarfi a matsayin sana'a kuwa, haɗarin nasu ƙaruwa ya yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai zagaya fili da asuba minti arba'in yake yi, ya yi gumi, ya koma gida ya yi wanka ya karya. Ɗan dako awa takwas ko goma yake ɗaukar kaya, nauyin da ke matse jijiya ya ɗaga jini, ba shi ke zaɓar lokacin tsayawa ba, mai kaya ne. Ko bayansa na ciwo gobe sai ya fito, don in bai fito ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Abincinsa garau-garau da ruwan leda. Wannan bororo ne a kan bororo shekara talatin.

Don haka ba na cikin masu yi wa talauci kirari. Wuya tana kisa, mu daina cewa ba ta yi. Amma hutu ma yana yi, sai dai nasa a hankali yake zuwa, kan katifa, ana yi masa sannu.

Ɗan Dawanau: To wannan na yarda da ita. Abin da ke ɓata min rai shi ne mai ƙiba ya fito daga mota mai sanyi yana ce wa lebura ai ku kun more, aikin ƙarfi lafiya ne.

Direban Tsohuwar Tasha: Mu fa direbobi ina muka faɗa a lissafin nan? Kano zuwa Legas a zaune, ga ciwon baya, ga ƙafa tana kumbura.

Malamin Bayoloji: Da ku aka fara ai, ranka ya daɗe. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas mai bene da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kashewa. Daga nan likitoci suka fara ɗaukar maganar motsa jiki da gaske. Shi Morris ɗin bai bar motsa jiki ba har ya tsufa, ya rasu a 2009 yana da 99.

Direban Tsohuwar Tasha: Namu kwandastan ba bene yake hawa ba, a ƙofa yake rataye yana zagin fasinja. Ban san ko wannan ma yana ƙara kwana ba.

Sarkin Ƙarfe: Ni fa abin da nake ta faɗa ke nan ana min dariya. Wanka da ruwan ƙanƙara da asuba, taku dubu goma kullum, azumin ruwa zalla na kwana uku duk wata, sannan ɗakin zafi. Duk manyan duniya shi suke yi yanzu. Baban Hanif, a fara wa Baba da ruwan randa mai sanyi da asuba, za ka ga canji a sati ɗaya.

Sista Mai Allura: Ƙanena, don girman Allah kar ka kashe musu uba. Ruwan sanyi farat ɗaya yana tsuke jijiyoyi, jini ya hau, zuciya ta buga da ƙarfi. Kai mai shekara ashirin da wani abu za ka yi ihu ka fito. Dattijo mai hawan jini zai iya faɗuwa a banɗaki. Sau nawa ake kawo mana tsofaffi da hunturu daga wankan asuba?

Taku dubu goman ma ba daga asibiti ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka yi talla a Japan a 1965. Da aka zo aka auna a kan tsofaffin mata kusan 17,000 a Amurka, aka wallafa a 2019, masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsira sosai, kuma ribar ta daina ƙaruwa a wajen 7,500. Ba sai an kai tsoho gudun fanfalaƙi ba.

Yaya na Finlan: Maganar ɗakin zafi, tunda ina zaune cikin masu shi, bari in ce wani abu. A nan sauna kamar kicin take, kusan kowane gida da ita. Akwai binciken da suke alfahari da shi na garin Kuopio, maza 2,315 aka bi wajen shekara 20, aka wallafa a 2015. Masu shiga sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya ƙarancin mutuwar fuju'a ta zuciya. Sai dai bibiya ce kawai aka yi, ba raba mutane aka yi aka ce ku shiga ku kar ku shiga ba. Mai lafiya da sukuni shi ya fi iya shiga kullum, mara lafiya dama gudun ta yake.

Basakkwace: Ku zo Sakkwato a watan Afrilu ku sha taku saunar kyauta, har da ta dare in an ɗauke wuta. In zafi ke ƙara kwana da mu mun ga jikokin jikokinmu.

Yaya na Finlan: Haba Basakkwace, ai bambancin ke nan. Mu minti goma sha biyar ne ko ashirin, ka fito ka sha ruwa, waje kuma sanyi ne. Ƙofa tana hannunka. Kai ina ƙofar fita daga Afrilu?

Malamin Bayoloji: Wannan ta burge ni. Gaskiya ne zafi yana tayar da wasu sunadarai a cikin ƙwayar halitta masu miƙar da 'yan'uwansu da suka lanƙwashe. Wani Ba'italiye, Ferruccio Ritossa, ya fara ganin alamarsu a 1962 a jikin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, bayan wani a ɗakin bincikensu ya ƙara zafin akwatin renon ba da saninsa ba. Amma zafin da ba ya sauka har cikin dare wani abu ne daban.

Sista Mai Allura: Kuma mu tuna Hajjin 2024, sama da mutum 1,300 suka rasu, zafi ne babban sila. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, gumi ma ba ya fito masa sosai. In kuma yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ruwan jikinsa zai ƙare bai sani ba, ƙoda ce za ta biya. Duk abin da za a sa Baba, a yi shi da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Malam na Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta daga sama. Sarkin Ƙarfe, azumin kwana uku ba buɗa-baki ba namu ba ne, Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai saje azumi. Kuma akwai ƙissar Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi da ta dace da zancen nan sosai. Yana saurayi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Annabi (SAW) ya ce masa ya yi azumi ya sha, ya yi salla ya yi barci, domin jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Ya yi ta cewa zai iya fiye da haka, har aka tsayar masa a kan azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Ga kuma hadisin Tirmizi na raba ciki uku, sulusi abinci, sulusi abin sha, sulusi numfashi. Sai dai ina jan hankali, azumi ibada ne, don Allah ake yi. In lafiya ta biyo baya, falala ce. Kada mu mayar da Litinin da Alhamis maganin tumbi.

Sarkin Ƙarfe: Allah gafarta Malam, amma ai wani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya gano azumi yana kashe cutar daji. An turo mana a wani zaure.

Malamin Bayoloji: Saƙon nan ya fi shekara biyar yana yawo, duk Ramadan sai ya dawo. Yoshinori Ohsumi ya ci Nobel a 2016, gaskiya ne. Abin da ya gano shi ne yadda ƙwayar halitta take tattara tarkacen cikinta ta narkar ta sake amfani da su, musamman in abinci ya yanke mata. A kan yis ya yi aikin, yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi. Bai sa mutane azumi ba, bai ce azumi yana warkar da cutar daji ba. Masu turawa ne suka yi masa ƙari.

Rage abinci kuwa tsohon zance ne. Tun 1935 Clive McCay a jami'ar Cornell ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi na ƙoshi daɗewa. Da aka zo kan birai sai aka samu saɓani. Masu binciken jami'ar Wisconsin a 2009 suka ce an ga riba, na cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka a 2012 suka ce su ba su ga ƙarin kwana ba, ko da yake lafiyar biran ta inganta. Daga baya aka gano abincin da aka ba su da shekarun da aka fara sun bambanta. Ɓera a keji ba sauro, ba zazzaɓi, ba noma. Mu ba a keji muke ba.

Anti Fisiyo: Kuma ga Baba wannan ba ta ma taso ba. Mutumin da cinyarsa ta zube, ana cewa tsakurar abinci yake, ƙari yake buƙata ba ragi ba. Wake, ƙwai, kindirmo, kifi, awara, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale. Shayi da burodi da farar shinkafa su ne suka fito masa da tumbin nan suka bar ƙafa ba komai.

Hajiya Babba: Salamu alaikum. Ni ce yayar da ake magana, tun ɗazu ina karantawa. Baban Hanif, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba ka gaya musu cewa shekara biyu da suka wuce Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona da rana tsaka ba, sai wani Bafulatani mai kiwo ne ya gan shi. Ba ka faɗi cewa daga garinmu zuwa asibitin kirki sai an yi awa biyu a kan hanyar da damina take yankewa ba. Ni na kwana da shi a asibiti ba kai ba. Maganar kunya na faɗe ta, ban musa ba, amma tsoro ne ya fi yawa. Gara in gan shi yana dafa bango da a kira ni a ce an tsince shi a kunya.

Baban Hanif: Gaskiya ne Yaya, ki yi haƙuri. Ban kawo ba don na ɗauka ya wuce.

Sista Mai Allura: Bai wuce ba kam, Hajiya ta kyauta da ta faɗa. Wannan faɗuwar a gaya wa likitansa kafin a fara komai, a tabbatar rana ce da rashin ruwa ba zuciya ba.

Anti Fisiyo: Hajiya, Allah ya saka da alheri, tsoronki a kan hanya yake. Amma ki duba wani abu. Dafa bangon nan shi ne hanyar faɗuwa ta gaba, kuma ta cikin gida, a kan tayil mai santsi. Karayar ƙugu a wannan shekarun ita muke tsoro fiye da komai, da yawa ba sa sake tashi. Ƙarfin cinya ke riƙe tsoho in ya yi tuntuɓe.

Abin daɗin shi ne ana dawo da shi. A 1990 Maria Fiatarone a Boston ta ɗauki tsofaffi goma a gidan kula da gajiyayyu, daga mai 86 zuwa mai 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Cikin mako takwas ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100. Baba ai yaro ne a cikinsu.

Ba sai an zaɓi tsakanin katifa da huɗa da rana tsaka ba. In likita ya ba da izini, a fara da kujera mai ƙarfi a jingine da bango, ya zauna ya tashi sau biyar, safe da yamma, in ya saba a ƙara. A mayar masa da butarsa. Ya riƙa takawa da sanyin safiya, saurin da zai iya magana amma ba zai iya rera karatu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take cewa a mako, wato rabin awa sau biyar, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, ga tsofaffi kuma har da na daidaita tsayuwa. Ba ranar farko za a kai can ba. Ma'aunin shi ne washegari. In ya tashi da 'yar tsamin jiki da ke sakinsa kafin hantsi, an yi daidai. In gajiyar ta kwana biyu, ko gaɓa ta kumbura, an zarce, a rage. Ciwon ƙirji, jiri ko haki mai yawa kuwa, a tsaya a tafi asibiti.

Malam na Zaure: Hajiya, in ƙara miki da wannan. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu. Yana cikin Sahihu Muslim. In akwai masallacin da ya ɗan fi nisa, a bar Baba ya taka, jika ɗaya ya raka shi. Biyayya ga iyaye ba ita ce a hana su motsi ba. Wani lokacin tsoho ba gonar yake kewa ba, kewar a tambaye shi yake, a ce Baba yaushe za a yi shuka.

Maman Zara: Wallahi Malam ka taɓo wajen. Kakarmu ranar da muka ƙwace taɓaryar cewa ta yi, to yanzu ni mece ce a gidan nan?

Ɗan Dawanau: Ni dai roƙona, in za a mayar da shi, a ɗauki 'yan ƙwadago su yi sassabe da huɗa da noman farko. Shi ya tsaya a kansu da sandarsa, ya yi 'yar shuka da cira da safe, rana ta ɗaga ya koma inuwa. Ku bakwai ne, ba za ku gaza ba. Mu da mun samu wanda zai sauke wa namu rabin buhunan nan, da wata maganar ake.

Hajiya Babba: Allah ya jiƙansa da rahama. Zan yi tunani. Amma ba zai kwana a ƙauye shi kaɗai ba, wannan kam na rantse.

Baban Hanif: 'Yan'uwa, na dawo da bayani bayan sati uku. Mun koma wajen likita da maganar faɗuwar, an sake duba zuciya, ya ce a fara a hankali, ya kuma canza masa lokacin shan magani. Kujerar Anti Fisiyo Baba ya ce shi ba ɗan firamare ba ne, sai da aka sa Hanif ya riƙa ƙirga masa suna gasa. Ya fara da huɗu, jiya ya yi goma sha ɗaya. Asuba da magariba yana takawa masallacin bakin titi, har ya samu wasu dattawa masu majalisa a wajen, jiya sai da aka je aka kira shi cin abinci. Na saya masa tumaki biyu, shi ke yanka musu harawa. Bangon dai har yanzu yana dafawa, amma da hannu ɗaya. Maganar gida ba ta mutu ba, mun tsaya a kan zai je shuka tare da ɗan ƙaninmu da ya gama sakandare, ƙwadago kuma mun raba kuɗin mu bakwai.

Anti Fisiyo: Ma sha Allah. Kar a yi saurin ƙara masa, goma sha ɗayan nan ya yi sati a kanta. Kuma a riƙa ba shi gorar ruwa in zai fita.

Sarkin Ƙarfe: Saura ruwan randa.

Sista Mai Allura: Admin, a cire yaron nan.

Hajiya Babba: Baban Hanif, nan ma ka faɗi rabi. Ka gaya musu fulawoyin da na saya da kuɗina na shuka maka a tsakar gida, Baba ya tuge su tas ya ce ciyawa ce, ya zuba irin kuɓewa da rama a wajen. Wa ya ba shi fartanyar?

Baban Hanif: Yaya, wallahi ba ni ba ne. A wajen mai gadin maƙwabta ya aro.